Hoton Inna Saude Daga Kan Rumbu

A Batsari in ka ji an ce "ai Maude ya riga ya faɗa," to ba yabo ake yi ba. Maude ma'aikaci ne a sashen gona na sakatariya, mutum mai fara'a da sakin hannu, ba ya riƙe kowa a zuci. Ciwonsa ɗaya ne tak: duk abin da ya shigo hannunsa, daga ranar babu irinsa a duniya. Da ya sayi babur cewa ya yi injin jirgin sama ne aka rage wa ƙarfi. Da ya yi kiwon zabi, rantsuwa ya yi nasa suna gane muryarsa ko ta waya.

Ana tsakiyar damina ya je Katsina ya dawo da kyamara. Baƙa ce ƙatuwa, mai tudu a ka da hanci a gaba, irin wadda in ka taɓa wani ɗan maɓalli sai hancin ya yi ta fitowa, yana fitowa, har ka fara tsoron kada ya tsokane wa na gabanka ido. Mai shagon ya gaya masa tana janyo nesa sau sittin. Kafin motar ta iso Batsari sittin ta zama ɗari biyu.

Ranar kasuwa ya rataya ta a wuya ya zauna a teburin Nasiru mai shayi. Ya saita ta can kan tankin ruwa, ya fito da hancin har ƙarshe, ya danna, ya juyo wa mutane ɗan gilashin bayanta.

"Me kuka gani?"

"Ƙadangare!" in ji Nasiru.

"Jan gwada ne. Ku duba da kyau, har harara yake yi."

Aka yi ta salati. Wani dattijo ya roƙe shi ya duba masa ko matarsa ta shigo kasuwa ta ɓangaren 'yan kuka. Maude ya duba ya ce ta shigo, har tana ciniki. Dattijon ya tashi da sauri, sai da ya yi nisa ya tuna bai kwatanta masa matar ba.

Ana cikin haka Ikrima ya yi sallama. Ikrima ƙanin Tayyiba ne, matar Maude, malami a makarantar Islamiyya ta Babban Duhu a ƙasar Safana, siririn mutum mai sanyin magana. Suka gaisa, aka tambayi gida da ruwa da shuka da dabbobi, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Mahaifiyarsu, Inna Saude, za ta yi saukar Alƙur'ani ranar Asabar. Ta shiga ajin matan aure ne bayan rasuwar mijinta, tana da shekara hamsin da shida, ba ta san ko alif ba. Shekara bakwai tana zuwa, ruwa ko rana. Ita da ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba in ban da na katin zaɓe, yanzu da bakinta ta ce tana son hoto ɗaya, tana riƙe da allonta, a aika wa ɗanta na fari da ke Fatakwal.

Maude ya buga tebur har kofuna suka yi tsalle. "Allahu akbar! Ka ga ikon Allah? Shi ya sa aka nufe ni da sayen wannan. Wa kuka yi niyyar kira?"

"Ni zan ɗauka, Yaya."

Ikrima ya zuge wata 'yar jaka, ya fito da kyamara da ba ta wuce tafin hannunsa ba. Maude ya kalle ta, ya kalli jama'a.

"Wannan fa? Akwatin ashana ce ko rediyon yara?"

"Kyamara ce. Irin wadda ake kira marar madubi."

"Kun ji ko? Da bakinsa ya faɗa! Ko madubi babu. An sayar maka da mota ba taya, Malam."

"Taka ma babu madubi a cikinta, Yaya."

Maude ya kai tasa kunne ya girgiza. "Madubi bakwai nake ji."

Ikrima ya yi murmushi. Ya ce shi bai musa ba, a tsakar rana, a fili, in abu yana nesa, ta Yaya ta fi tasa nesa ba kusa ba, don tasa sau uku kacal take janyowa. Amma akwai wani ɗan faranti a cikin kowace kyamara, shi ke kama haske. Na cikin ta Yaya bai wuce ƙwayar masara ba, na tasa kuwa ya kai kan sarkin wasiƙa. In gari ya lumshe ko aka shiga ɗaki, mai ƙaramin faranti sai ta fara lalube. Kuma duk yadda aka fito da hancin, haka rawar hannu ke ƙaruwa, sai an samu abin ɗorawa.

Maude bai ji komai ba sai kalma biyu. "Sau uku! Ai ni idona ma ya fi sau uku in na ci gyaɗa."

Ikrima ya murɗa idon tasa kyamarar ya cire shi, ya nuna wa mutane, ya ce in ana son na nesa sai a sayi wani a ɗaura. Maude ya ga hankalin jama'a ya koma can. Nan take ya damƙi hancin tasa ya murɗa. Kyamarar ta yi wani ƙara kamar an taka ɗan tsako. Ikrima ya yi wuf ya riƙe masa hannu.

"Kada ka karya ta! Taka da idonta aka haife ta, da shi za ta mutu."

"To kun ji," in ji Maude yana shafa ta. "Tawa lafiyayya ce. Tasa mai idon aro."

Daga nan ya miƙe tsaye ya yanke hukunci. Shekara goma sha takwas da auren Tayyiba, in ji shi, bai taɓa kallon Inna ido da ido ba, bai taɓa cin abinci a gabanta ba, in ya hango ta a hanya sai ya sake hanya. Da wace kyamara mutum mai kunya zai ɗauki surukarsa in ba da wannan ba? Zai tsaya can inda ko inuwarsa ba za ta gani ba, ya janyo ta har gabansa cikin ladabi. Ikrima kuwa ya bar akwatin ashanarsa a jaka, kada ya riƙa gilmawa yana ɓata wa manya aiki. Ya gayyaci duk wanda ke teburin ya zo ya gani da idonsa. Nasiru ya ce shi kam ko don tuwon walima zai je.

Da ya koma gida Tayyiba ta saurare shi har ya gama, tana tsince shinkafa.

"Maigida, hoto ɗaya ta ce. Ɗaya."

"Ɗari uku za ta samu."

"Ni dai ɗayan nake jin tsoro."

Ranar Asabar Tayyiba ta riga shi tafiya da mata a mota. Shi ya hau babur da Nasiru a baya, sanye da farar shadda mai sitaci. Tafiyar da ba ta kai awa ba sai da ta ci biyu da rabi, don duk inda Maude ya ga mutum uku a tsaye sai ya taka burki. Ya nuna wa manoma shaho a sama. Ya ƙirga wa wani Bafulatani shanunsa daga tsallaken rafi, ya ce talatin da ɗaya, mutumin ya ce ashirin da shida ne, sauran duwatsu ne. Hancin kyamara ya shiga ya fita ya fi sau ɗari. Nasiru ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce, "Wancan ɗan zanen batirin da ke cike da safe, ya na ga saura layi ɗaya?"

"Layi ɗaya na wannan ya fi goma na wata."

Sun iso an riga an shimfiɗa tabarmi a gindin wata babbar bishiyar bedi a gaban makaranta, maza gefe, mata gefe. Malam Abdulkahar, shugaban makarantar, yana zaune a tsakiya a kan buzu. Masu sauka su tara ne, kowace da allonta mai zayyana. Inna Saude ce ta ƙarshe a layi, 'yar tsohuwa cikin farin hijabi, ta rungume allon kamar jariri.

Maude ya durƙusa daga can nesa, ya sunkuyar da kai, ya yi gaisuwar da babu wanda ya ji. Sannan ya juya baya ya fara taku yana ƙirgawa da ƙarfi don a shaida. Hamsin. Ɗari. A ɗari da hamsin ya waiwayo, ya ga har yanzu ana iya gane fuskarsa, ya ƙara hamsin. Nan ya tarar da matsala: kawunan mutane sun tare masa masu sauka. A gefensa kuwa ga wani rumbun ƙasa mai jinka, da tsani a jingine. Bai tambayi na wane ne ba. Ya tattare shadda ya hau, ya zauna ɗare-ɗare a kan jinkar kamar sarkin zabi.

Ya fito da hanci har ƙarshe, ya kai ido. Kore. Ya ɗan karkata. Kore dai. Ya sauke, ya ga wani abu fari, kafin ya danna ya wuce. Ashe in ka janyo nesa sau sittin, numfashinka ma sau sittin yake zama. Duk bugun zuciyarsa sai taron ya yi tsalle ya fita daga gilashi. Ya riƙe numfashi har idonsa ya yi ja, ya danna, ya sake dannawa, ya ce a ransa cikin goma dai ba a rasa biyar.

Mace ta farko ta fara karatu, wuri ya yi tsit. Sai ga murya daga sama, daga can bayan gari:

"Mai jar hula! Ka matsa hagu!"

Mai karatun ta tsaya. Malam Abdulkahar ya ɗaga kai.

"Wane ne ke kiran salla a kan rumbu?"

"Mai hoto ne, Malam," in ji Ikrima a hankali. "Mijin Yaya Tayyiba."

"To me ya kai shi can? An kore shi ne?"

"Kunya ce, Malam."

"Wannan kunyar tana da murya."

Aka ci gaba. Ta biyu ta karanta, ta uku, ta huɗu. Maude yana can yana ɗaga hannu yana ba da umarnin da iska ke kwashewa. Masu jar hula uku suka matsa hagu, suka matsa dama, ɗaya ya gaji ya cire hular ya sa a aljihu. Da aka zo ta bakwai, Maude ya ga reshen bedi ya tare masa inda Inna take. Ya ce bari ya ɗan miƙe. Ya dafa jinka ya tashi a kan ƙafa ɗaya.

Jinkar ta sha ruwan damina, ta ruɓe ta ciki. Ba ta yi gardama ba. Ta buɗe baki ta haɗiye shi.

Da kaka ce, da ya faɗa kan hatsi ya tsaya a wuya. Amma a tsakiyar damina rumbu ya kusa ƙarewa, babu komai a ciki sai dammunan gero biyu da ƙaiƙayi na shekara guda. Maude ya sauka har ƙasa, kyamara a sama da kansa, yatsansa a kan maɓalli tana ta ƙyas-ƙyas-ƙyas.

Mai rumbun, wani manomi da ake kira Badaru, yana bayan gidansa yana ba jakinsa ciyawa. Ya ji rugum, ya ɗauki sanda ya hau tsani ya leƙa.

"Ɓarawo! Jama'a, ɓarawo a rumbu!"

"Ba ɓarawo ba ne, mai hoto ne!"

"Mi ya kai mai hoto cikin gerona?"

"Aiki nake yi!"

"Geron ne ya yi sauka?"

Rabin mazan taron suka kwaso a guje, aka dakatar da karatu. Da igiyar guga aka zaro shi, mutum huɗu suna ja. Ya fito fari fat tun daga gira har tafin ƙafa, takalmi ɗaya, hula babu. Abu na farko da ya yi shi ne ya ɗaga kyamara sama.

"Ko ƙwarzane ba ta yi ba. A gwada wannan da akwatin ashana a gani."

Kafin a amsa masa ƙaiƙayi ya fara aiki. Ya sosa wuya, ya sosa ƙeya, ya tura hannu cikin riga. Ikrima ya matso ya ce masa a kunne, "Yaya, je ka watsa ruwa, ni sai in ƙarasa."

"Ka ƙarasa me? Na ɗauki tamanin. Saura Inna kawai, ita ce kan aikin."

Allah bai nufa a koma gindin bedi ba. Tun ana jan igiya hadari ya taso daga gabas, yanzu ya rufe gari baƙi ƙirin. Iska ta fara nannaɗe tabarmi. Malam Abdulkahar ya ce a shiga aji. Ana shiga ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Ajin ɗaki ne mai taga biyu, ɗaya an rufe ta saboda feshi. Mutum ya fi sittin a ciki. Turereniya ta yi ta tura Maude gaba, tana tura shi, har ya tsinci kansa a layin farko. Da ya ɗaga ido, sai ga Inna Saude a zaune gabansa, tsakaninsu bai fi taku huɗu ba. Ya nemi hanyar ja da baya, babu. Bayansa gwiwoyin mutane, gefensa bango.

Ta bakwai da ta takwas suka ƙarasa nasu, sannan Malam ya ce, "Saude, bismillah."

Ta ɗora allo a cinya, ta sa yatsa, ta fara. 

Maude ya shiga uku. Ya kalle ta, kunya. Ya ƙi kallo, babu hoto. Ga ƙaiƙayi na cin bayansa kamar an zuba masa tururuwa. Sai dabara ta zo masa: ya juya fuskarsa ga bango, ya miƙa kyamarar da hannu ɗaya wajen da yake jin muryar, ɗaya hannun yana susa. Ya manta bai mayar da hancin ciki ba. Kyamarar ta yi ta gurnani tana neman abin kamawa a cikin duhu, hanci ya ɗan shiga, ya ɗan fito. Ya danna. Ya danna. Ya tuna akwai fitila a kanta, ya laluba ya ɓalle ta. Daidai lokacin da Inna ta buɗe baki za ta ja madda, wal! haske ya cika ɗakin. Wata jaririya ta tsala ihu. Inna ta ƙifta ido, ta ci gaba da karatunta ba ta ɓata ko wasali ba.

Kyamarar kuwa ta yi ɗan kuka, ta janye hancinta, ta mutu.

Aka shafa addu'a, mata suka yi ta share hawaye. Aka kawo abinci. Ruwa ya tsagaita bayan azahar, kuma da Maude ya yi shiru, da an watse lafiya. Amma ya ga talabijin a ofishin makaranta, wadda ake nuna wa ɗalibai karatu da ita, ga wutar sola. Ya ce a kawo ta aji yanzu-yanzu, kowa ya ga aikin kafin ya tafi.

Ikrima ya ja shi gefe. "Yaya, kai kanka ba ka ga hotunan nan ba. Mu shiga ofis mu biyu mu duba tukuna."

"Ka ji tsoro ke nan."

"Na ji."

"To riƙe tsoronka, miƙo waya."

Aka zare katin kyamarar, aka haɗa. Mata suka zauna gaba, maza suka tsaya baya, har da Badaru da sandarsa. Maude ya tsaya gefen talabijin yana susa da gwiwar hannu.

Hoton farko kore ne tas, an shafe shi kamar da tsintsiya.

"Ganyen bedi," in ji Maude. "Shimfiɗa ce."

Na biyu kore. Na uku kore da ɗan fari a kusurwa. Har na goma sha biyu ana cikin shimfiɗa. Na goma sha uku wani abu ne mai lanƙwasa, ruwan ƙasa, da gashi fari a bakinsa, ya cika gilashin. Aka yi ta gardama, wasu suka ce naman kaza ne, wasu suka ce kogo. Malam Abdulkahar ya gyara tabarau ya duba, ya kai hannu gefen kansa.

"Kunnena ne."

"Ka ga har gashin ciki, Malam!" in ji Maude. "Daga taku ɗari biyu!"

"Na gode. Dama ban taɓa ganinsa ba."

Sai ga hoto mai kyau, garau, ko'ina ya fito: jakin Badaru, yana tauna ciyawa, idonsa na sheƙi. Badaru ya ce a bar masa wannan, ya yafe jinkar. Na bayansa ma garau yake. Teburin abinci ne a bayan makaranta, tun kafin a raba, ga Nasiru mai shayi ya waiga hagu, hannunsa na dama yana cusa cinyar kaza cikin hula.

Ajin ya ɗauki ihu.

"Maude!" in ji Nasiru. "Ni ka ɗauko daga Batsari don ka tona min asiri? Mutum sittin a wurin, ba ka samu kowa ba sai ni?"

"Kyamara ba ta ƙarya."

"Ai ta bar wa mai ita!"

Daga nan sai sama, sai sama a karkace, sai ƙafar Maude da takalmi na tashi, sai baƙi guda goma sha ɗaya a jere. Badaru ya ce wannan cikin rumbunsa ne, ya gane shi.

Aka zo na cikin aji. Duk launin kunun kanwa ne, da ɗigo-ɗigo kamar an watsa tsaba, wasu inuwoyi suna narkewa a ciki. Wata mata ta ce a'uzubillahi. Tayyiba ta haɗa tagumi. Maude ya ji gumi na bin ƙaiƙayin bayansa, amma ya tuna da fitila.

"Ku kwantar da hankali. Na ƙarshen shi ne hoton. Da haske na ɗauke shi."

Ya danna da kansa.

Baki ne. Baki kaɗai, daga wannan gefen talabijin zuwa wancan, a buɗe, fitila ta haska shi har maƙogwaro. Ga harshe, ga haƙora masu jan goro, ga kuma can ciki wani haƙorin turmi baƙi ƙirin da rami a tsakiyarsa, dasashin da ke kewaye da shi ya kumbura ya yi jawur. A ƙasan hoton ana ganin bakin farin hijabi.

Babu wanda ya yi dariya. Wannan ya fi dariyar ciwo.

Tayyiba ce ta fara magana, ba ta ko kalli mijinta ba. "Ikrima, fito da naka."

Maude ya juya. "Wane nasa? Ai na ce ya bar ta a jaka."

"Ka ce," in ji Tayyiba. "Ni kuma na ce ya fito da ita. Ni na girme shi a gidanmu."

"Ban ji ƙararta ba!"

"Ba ta ƙara, Yaya," in ji Ikrima.

Hotuna shida kacal ya ɗauka, daga gindin tagar da ke buɗe. Ya nuna ɗaya. Ga Inna Saude zaune, allo a cinya, yatsa a kan baƙi, hasken taga ya sauka a gefen fuskarta, hawaye ɗaya ya tsaya a kumatu bai faɗo ba. A bayanta Malam ya sunkuyar da kai yana saurare. Har zayyanar allon ana iya bi da ido.

Mata suka ɗauki masha Allah. Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "A aika wa wancan na Fatakwal."

Maude ya yi gyaran murya. "Ai dole ya yi kyau. Sauran hasken fitilata ne ya rage a ɗakin."

A nan ne Inna Saude ta juyo, ta dube shi, karo na farko a shekara goma sha takwas. Maude ya nemi ƙasa ta tsage, ƙasa ta ce ta yi nata da safe a rumbu.

"Mijin Tayyiba."

"Na'am, Inna." Ya zube a kan gwiwa.

"Wata huɗu ina ɓoye haƙorin nan. Ko ɗiyata ba ta sani ba. Na san in suka sani za su kwashe ni zuwa asibiti in rasa darasi, ga sauka ta matso. Kanumfari nake cusawa in yi shiru. Yau ka nuna wa Babban Duhu kaf."

"Inna, wallahi ban..."

"Shekara goma sha takwas kana sunkuyar da kai in ka gan ni, ina cewa Tayyiba ta yi dacen miji mai kunya. Ashe jira kake ka samu injin leƙa bakina."

Yanzu kam dariyar ta ɓalle, har Malam sai da ya rufe fuska da gefen rawani. Inna ta bari aka lafa, ta ce tunda shi ya gano ciwon, ba Ikrima ba, ba Tayyiba ba, to shi zai kai ta Katsina a cire. Jibi. Su biyu.

Ranar Litinin aka ga Maude a tashar Batsari ba kyamara a wuya. Bas ɗin irin mai cin mutum huɗu a layi ce, kwandasta ya cusa biyar. Inna tana jikin taga, Maude a manne da ita, kafaɗa da kafaɗa, ya ƙanƙame jikinsa yana kallon rufin mota. Labari kuwa ya riga su shiga. Ba a fita gari ba wani fasinja daga baya ya taɓo shi.

"Malam Maude, ni ma ina son sayen kyamara. Tsakanin irin taka da irin ta Malam Ikrima, wacce ta fi?"

Maude ya yi niyyar yin shiru, Allah ya sani ya yi niyya. Amma ya ji bakinsa ya buɗe da kansa.

"To, ka ga, ya danganta. In kana son abin da ko likita bai gani ba..."

"Ɗana," in ji Inna, hannunta a kan kumatu, ba ta ko waiwaya ba, "sayi irin ta Ikrima. Ita mutum take ɗauka. Ta wannan alhaki take ɗauka."

Har suka shiga Katsina Maude bai sake cewa uffan ba. Direban ya ce shekara tara yana ɗaukarsa a hanyar nan, surutunsa bai taɓa barinsa ya san motarsa tana da wannan ƙarar a baya ba sai ranar.